Irin Tumatir a Cikin Ambulan

A ƙarshen 1964 Amurka ta rufe wata ƙofa da ta buɗe tun lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ƙofar da leburori daga Meksiko ke bi su shigo ƙwadagon gona na 'yan watanni su koma. Manoman tumatir na Kalifoniya suka ɗora hannu a ka, domin waɗannan bayin Allah ne ke tsinkar musu amfani. Amma a reshen jami'ar jihar da ke garin Davis akwai mutum biyu da suka daɗe da shirya wa wannan rana. Coby Lorenzen injiniya ne, yana ƙera injin da zai yanke tumatir daga gindi, ya girgiza shi har 'ya'yan su zube. Jack Hanna kuwa masanin haɗa iri ne, yana neman tumatirin da zai sha wannan girgiza bai fashe ba. Sun yi shekaru abokan aikinsu na yi musu dariya. Irin da Hanna ya fitar, VF-145, ƙarami ne mai taurin fata, yana nuna gaba ɗaya a lokaci guda, kuma ba ya gardama wajen rabuwa da reshe. Kafin 1970 kusan duk tumatirin gwangwani na Kalifoniya inji ke girbe shi, kuma cikin kimanin shekara goma manoman tumatir na jihar sun ragu daga wajen 4,000 zuwa wajen 600, tunda injin sai mai babbar gona.

Na fara da inji ne domin a ganina shi ne uban wannan al'ada ta tara tumatirin gado. Masu yin ta sun fi son a fara labarin daga kakanni, daga wata tsohuwa da ta tsallako teku da iri ƙulle a gefen zane. Tsofaffin suna nan a cikin labarin, za mu zo kansu. Sai dai muddin kowa na da tumatirin kakarsa a bayan gida, babu wanda ya ga dalilin kafa ƙungiya a kansa. Sai da tumatir ya daina ɗanɗanon tumatir aka waiwayo.

Tumatirin da ake ci ɗanye ma hanyar da ya bi ke nan. A Fulorida ana tsinke shi yana kore shar, a zuba a ɗaki a busa masa iskar etilin ya yi ja, sannan a ɗora a mota ya yi tafiyar kwanaki zuwa kantunan arewacin ƙasar. Ja dai ya yi, amma nuna daban ja daban. A 2012 wasu masu bincike, cikinsu har da na jami'ar Davis ɗin nan, suka gano wani abu mai ban takaici. Tsoffin tumatir sukan nuna da sauran kore a kafaɗa. Tun wajen shekarun 1930 masu haɗa iri suka samu wani tumatir da ke nuna bai ɗaya, babu koren kafaɗa, suka yi murna suka shigar da wannan hali cikin kusan duk irin kasuwa. Ashe ƙwayar halittar da ke kawo koren nan ita ce ke taimaka wa ɗan tumatir ya tara zaƙi. An shekara saba'in ana sayar da zaƙi ana sayen kyan gani, ba tare da an san cinikin da ake yi ba.

To me aka bari a baya? Asalin tumatir tsiron daji ne a yankin duwatsun Andis, wajen Peru da Ekwado. Mutanen Meksiko suka mai da shi amfanin gona, Sifaniyawa suka kai shi Turai a ƙarni na 16, kuma a 1544 wani likitan Italiya, Mattioli, ya ambace shi a littafinsa na tsirrai. Wanda ya isa lambunan Amurka a farkon ƙarni na 19 mai tsaga-tsaga ne, mai rami a ciki, mai tsami. Mutumin da ya gyara masa sura shi ne Alexander Livingston, mai sayar da iri a Reynoldsburg ta jihar Ohayo. Ya ɓata shekaru yana zaɓen ɗan da ya fi kyau a gona yana ajiye irinsa, bai ga canji ba. Daga baya ya gane cewa uwar ake zaɓa, ba ɗan ba: a nemi gindin da duk 'ya'yansa sumul suke, ko da ƙanana ne, a bi zuriyarsa. A 1870 ya fitar da Paragon, wasu da dama suka biyo baya. A gefe guda kuma baƙin haure na ta kwararowa daga Jamus da Italiya da Folan da Rasha, kowane gida da nasa irin.

Abin da ya sa tumatir ya dace da gado yana cikin furensa. Namiji da mace a fure guda suke, namijin kuma ya kewaye macen ya rufe ta, don haka galibi fure kansa yake yi wa barbara. Masara ko kabewa, in ka shuka iri biyu kusa da juna, baɗi sai ka girbi abin da ba ka sani ba. Tumatir kuwa iyali na iya riƙe shi shekara tamanin a ɗan fili yana nan yadda yake. Wannan sauƙi shi ne ciwon kan kamfanonin iri, domin wanda ya saya sau ɗaya ya gama saye. A 1949 kamfanin Burpee ya fito da Big Boy, irin haɗi da wani masani, Oved Shifriss, ya samar. Irin haɗi, wanda muke ganin an rubuta wa F1 a jikin leda ko gwangwani, yana da ƙarfi, yana da yawan 'ya'ya, sau da yawa yana jure cututtuka, kuma ba ƙarya ake yi ba. Amma in ka ajiye irinsa, jikokin sai su watse, kowa ya ɗauko halin wani kaka. Dole ka koma kanti. Cikin shekara ashirin zuwa talatin kundayen tallan iri suka cika da haɗi, tsoffin suna ta faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, ba sanarwa ba ta'aziyya.

A farkon shekarun 1970 wani tsoho a ƙauyen St. Lucas na jihar Iowa, Baptist John Ott, ya miƙa wa jikarsa Diane da mijinta Kent Whealy iri biyu: wani furen yaɗo mai launin shunayya, da wani babban tumatir ruwan hoda da ake kira German Pink. Iyayensa ne suka zo da su daga Bavariya ta Jamus a ƙarshen ƙarni na 19. Ba a daɗe ba tsohon ya rasu, ma'auratan suka lura cewa da ba su karɓa ba, da shi ke nan. A daidai lokacin kuma maganar ƙarancin iri ta cika ƙasar, domin a 1970 wata cutar ganye ta cinye kimanin kashi 15 cikin ɗari na masarar Amurka, saboda yawancinta jini ɗaya ce. Kent ya rubuta wasiƙu zuwa mujallun masu lambu yana cigiyar masu irin gado. A 1975, suna zaune a jihar Misuri, suka buga takarda mai shafi shida ɗauke da sunayen mutum 29 da abin da kowa ke da shi. Daga nan Seed Savers Exchange ta faro.

Tsarin babu wuya, kuma shi ne abin da ya fi burge ni a duk labarin. Kowace shekara ana buga kundi. Kai mai iri ka rubuta abin da kake da shi, da inda ka samo, da yadda yake. Mai so ya aiko maka da wasiƙa da ɗan kuɗin kan sarki, kai kuma ka zuba masa 'yan ƙwayoyi a ƙaramin ambulan. Abin da ake fata gare shi shi ne ya shuka, ya tsare irin kada ya gauraya, in ya yi yawa shi ma ya sa sunansa a kundin baɗi. Iri abu ne mai rai, in an ajiye shi a kwalba shekara da shekaru ba a shuka ba, mutuwa yake yi. Saboda haka mai tara tsoffin kuɗi ko kan sarki na iya kulle akwati ya kwanta, amma mai tara tumatir dole ya yi noma, kuma tunda babu mai filin da zai shuka ɗaruruwan iri duk shekara, dole ya raba wa wasu. Rowa a wannan harka asara ce tsagwaronta.

Kent Whealy mutum ne mai son lissafi. Ya zauna ya tattara kundayen kamfanonin da ke sayar da iri ta gidan waya a Amurka da Kanada, ya jera duk wani irin kayan lambu da ba haɗi ba, don a san wanda saura kamfani ɗaya ke riƙe da shi a yi maza a saya. Cikin kamfanoni 230 da ya ƙirga a 1984, guda 54 sun rufe ko an haɗiye su kafin ƙarshen 1987. Ƙungiyar ta koma kusa da garin Decorah a Iowa, inda yanzu take da gona mai eka 890 da iri fiye da 20,000, tumatir kaɗai dubbai. Shi kansa Whealy ya rabu da ita a 2007, ba kuma cikin daɗin rai ba.

Amma ba lissafi ne ya ja mutane ba, labarai ne. Wanda aka fi yawan bayarwa shi ne na M.C. Byles na garin Logan a West Virginia. Bakanike ne mai gyaran lagireto, bai yi karatun kirki ba. Ya kafa garejinsa a gindin wani dutse inda manyan motocin kwal da katako ke hawa su yi zafi su gangaro, ciniki na zuwa masa har ƙofa. A shekarun 1930 ya samo iri huɗu mafiya girman 'ya'ya da ya iya samu. Ya dasa German Johnson a tsakiya, sauran ya kewaye shi da su, yana ɗebo garin furensu da 'yar robar da ake tsotse wa jarirai kunne yana fesa wa na tsakiyar. Baɗi ya zaɓi gindin da ya fi, ya sa shi a tsakiya, ya sake. Haka ya yi ta yi wajen shekara shida har irin ya tsaya. Sai ya fara sayar da dashe dala ɗaya kowane gindi, kuɗi mai yawa a shekarun 1940, mutane na tuƙo mota daga nesa su saya. Cikin shekara shida ya biya bashin gidansa na dala 6,000, tumatirin kuma ya samu sunan Mortgage Lifter, wato mai sauke bashin gida. A lura, wannan fitaccen irin gado haɗi ne aka yi da gangan. Bambancinsa da Big Boy shi ne Byles ya bi zuriyar har ta daina watsewa, sannan ya sake ta ga duniya.

Na biyu kuma a wasiƙa ya zo. A 1990 Craig LeHoullier, masanin sinadarai da ke aiki a kamfanin magunguna yana lambu a gefe, ya samu ambulan daga wani mutumin Sevierville a jihar Tenesi. Takardar ciki ta ce maƙwabta ne suka ba shi, su kuma danginsu sun samu daga ƙabilar Cherokee shekara ɗari da suka wuce. LeHoullier ya shuka, ya ga tumatir mai duhun launi, tsakanin ja da ruwan ƙasa da shunayya, kafaɗarsa kore. Shi ya raɗa masa Cherokee Purple, ya aika wa wani ƙaramin kamfanin iri a Bajiniya. Mai kamfanin ya yaba ɗanɗanon amma ya yi shakkar ko wani zai sayi abu mai kalar ƙurjin duka. Ya sa shi a kundinsa na 1993 a gwada. Yau da wuya ka shiga kasuwar manoma a Amurka da bazara ba ka gan shi ba.

Hujjar alaƙarsa da Cherokee fa? Wannan wasiƙa ce kawai. Brandywine ma, wanda mutane da yawa ke ɗauka sarkin ɗanɗano, ya shigo ƙungiyar Seed Savers Exchange a 1982 ta hannun wani tsoho a Ohayo, Ben Quisenberry, wanda ya riƙe ɗaruruwan iri shi kaɗai tun kafin abin ya zama yayi. Shi kuma daga wata mata ya samu, wadda ta ce ya daɗe a gidansu. Daga baya sai aka dinga cewa na mabiya ɗariƙar Amish ne, ba tare da wata takarda ba, ga kuma wani tumatir daban mai wannan suna a kundayen ƙarshen shekarun 1880. Ni ban ɗauki wannan a matsayin zamba ba. Duk wanda ya taɓa zama gaban maroƙi yana jero asalin wani gida ya san cewa salsala takan yi ƙiba a hanya. Abin da na fi girmamawa shi ne 'yan ƙalilan daga cikin masu tara irin, irin su Carolyn Male, malamar kimiyyar ƙwayoyin cuta da ta shuka iri fiye da dubu, waɗanda suka ɗauki wahalar tono tsoffin kundaye suna ware abin da aka tabbatar da abin da aka ji a bakin wani.

Lokacin da nake karatu a Amurka na halarci taron musayar iri a zauren wani ɗakin karatu, ƙarshen hunturu, ƙanƙara ba ta gama narkewa ba. Tebura ne a jere, kowanne da ƙananan ambulan da rubutun hannu: suna, shekarar da aka girba, wani lokaci da sunan wanda aka karɓa a wurinsa. Ba a karɓar kuɗi. Gardama kuwa sai ka ce a majalisar 'yan ƙwallo: wannan ganyensa irin na dankalin Turawa ne ko mai yanka-yanka, in mai yanka-yanka ne to ba Brandywine na gaskiya ba ne, wane ya gurɓata nasa. A nan wata dattijuwa ta koya mini yadda suke cire iri. A matse ruwan da 'ya'yan a kofi, a bar shi kwana biyu zuwa huɗu har ya yi hunhuna a sama. Ruɓewar nan ita ke cinye yauƙin da ke hana iri tsira, tana kuma rage wasu cututtuka. A zuba ruwa a motsa, mai kyau ya nutse, fanko ya taso a zubar, a shanya a faranti a inuwa. In ya bushe sarai aka ajiye a wuri mai sanyi, zai yi shekara biyar ko fiye yana tsira.

Da na dawo gida na gwada kaɗan a bayan gida lokacin sanyi. Sun yi, amma da rowa: gindi guda 'ya'ya ƙalilan, manya, masu laushi, wasu sun tsage tun a reshe, kuma da zafin Maris ya shigo fure ya dinga zubewa. Na kai wa kawuna da ke noman rani a wajen Kadawa guda biyu. Ya yanka ya ci, ya gyaɗa kai, sannan ya danna ɗayan da babban yatsa ya ce, "Ɗana, daɗi kam akwai. Amma wannan ko Zariya ba zai kai ba, balle Ikko." Gaskiya ya faɗa. Tumatirinsa a kwando ake danna shi, a ɗora kwando kan kwando a tirela, ya yi tafiyar kilomita wajen dubu zuwa kasuwar Mile 12 ta Ikko. Irin da suka riƙe noman rani a Kano shekaru da yawa, UC82B da Roma, ba baƙin wannan labari ba ne: na farkon daga jami'ar Davis ya fito a shekarun 1970, an yi shi ne don inji da gwangwani, Roma kuma ma'aikatar gona ta Amurka ce ta fitar da shi a 1955. Kawu bai taɓa ganin injin Lorenzen ba, amma buƙatarsa da ta Hanna ɗaya ce.

Shi ya sa ba na bin masu zagin irin zamani ido rufe. Tara tumatirin gado sha'awa ce ta wanda kuɗin makarantar 'ya'yansa bai rataya a kan kwandon ba. Sai dai masu sha'awar sun yi wani aiki da kasuwa ba za ta taɓa yi ba. A 2017 Harry Klee na jami'ar Fulorida da abokan aikinsa na Sin suka auna iri kusan 400, tsoffi da sabbi da na daji, suka ware sinadaran ƙamshin da suka ragu a tumatirin zamani, da niyyar mayar da su. Ba a mayar da abin da ba a ajiye ba. Nakan tuna wannan in na shiga kasuwa ina duba ɗan tumatirin damina mai tsaga-tsaga da tsami, wanda iyayenmu mata ke shafa irinsa a tsumma ko a jikin bango ya bushe. A idona dai yana ƙara wuyar gani.

A Turai doka ce ta hura wutar. Daga shekarun 1970 aka hana sayar da irin da ba a yi wa rajista ba, rajistar kuma da tsada. A Ingila Lawrence Hills da ƙungiyarsa suka zagaye dokar: suka kafa ɗakin ajiyar iri inda ba a sayarwa, sai dai ka zama memba a ba ka. A Faransa ƙungiyar Kokopelli ta zaɓi sayarwa a fili, ta sha shari'a har gaban kotun Tarayyar Turai a 2012. Rushewar Tarayyar Sobiyet kuma ta buɗe wata taska, domin masu ƙananan lambuna a can ba su taɓa daina ajiye iri ba. Daga nan baƙaƙen tumatir suka kwararo, irin su Black Krim na yankin Kirimiya, da wanda aka sa wa sunan Paul Robeson, mawaƙin nan baƙar fata na Amurka da Rashawa suka ƙaunata lokacin da ƙasarsa ta ƙwace masa fasfo.

Har yau masu wannan al'ada ba su daidaita kan abin da ya cancanci sunan gado ba. Wasu sun ce sai irin ya shekara hamsin, wasu sun ce sai wanda ya girmi zamanin haɗi, wasu kuma sun ce sai wanda ya bi hannun iyali, ba kamfani ba. Green Zebra, kore mai ratsin rawaya da ke cikin kusan kowane tarin tumatirin gado a kasuwa, Tom Wagner ne ya haɗa shi ya fitar a 1983. A tsakiyar shekarun 2000 kuma LeHoullier da wata mai lambu a Ostareliya, Patrina Nuske Small, suka lura cewa mazauna birni ba su da filin gindin da ke wuce tsayin mutum. Suka fara aurar da tsoffin iri masu daɗi da wasu gajeru da ke rayuwa a tukunya. Ita ta yi barbara a can kudu, ta aiko da iri arewa, masu sa kai su shuka su zaɓa su mayar, da yake bazarar wannan hunturun wancan ce, sai suna samun zuriya biyu a shekara guda. Babu wanda aka biya ko sisi. Sun fitar da sabbin iri fiye da ɗari, kowanne ana iya ajiye irinsa ya dawo yadda yake, kuma masu ra'ayin shekara hamsin sun ce sai wajen 2060 za a fara duba takardunsu.